Sai Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Abin Da Kake Ci Yana Bin Ka Har Ɗakin Jarrabawa

Ƙarfe takwas saura kwata na safe. An jeru aji-aji a filin taron safe, rana ta fara ɗagowa, shugaban makaranta yana tsakiyar sanarwa. Can sai a ji motsi daga layin 'yan mata: wata ta yanke jiki ta faɗi. Nan da nan a yi caa a kanta, wannan na yi mata fifita da littafi, waccan na neman ruwa, wasu kuma sun fara raɗa cewa iska ce ta taɓa ta. Bayan 'yan mintoci ta farfaɗo, a kai ta inuwa ta zauna, a ci gaba da taro. Duk wanda ya yi sakandare a ƙasar nan ya taɓa ganin haka, kuma a layin maza ma yana faruwa.

Akwai tambayoyi biyu da ba kasafai ake yi ba a irin wannan lokaci. Me ta ci kafin ta fito daga gida? Yaushe rabon da a auna jininta? Gaskiya ne suma tana da dalilai da yawa, kamar doguwar tsayuwa cikin zafi, farfaɗiya ko ciwon zuciya, shi ya sa duk wanda ke yawan faɗuwa ya kamata likita ya duba shi. Amma yunwa da ƙarancin jini suna cikin dalilan da aka fi samu, kuma su ne aka fi mantawa da su. Haka abin yake ga ɗalibin da ke gyangyaɗi tun darasi na biyu, ko wadda take karanta shafi ɗaya sau uku ba ta riƙe komai ba. Malam ya ce lalaci ne, a gida a ce wasa ya yi yawa, alhali wani lokaci matsalar tana cikin kwanon abinci.

Jikinka yana tsakiyar gini

Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran wanda ke tsakanin shekara 10 zuwa 19 matashi mai tasowa. In ka ɗebe shekarun jarirantaka, babu lokacin da jikin ɗan Adam ke girma da sauri kamar wannan. A cikin waɗannan shekaru ne mutum ke tara kusan rabin nauyin da zai kasance da shi in ya girma, da kusan rabin ƙarfin ƙashinsa. Jini yana ƙaruwa, tsoka tana cika, ƙwaƙwalwa tana kammala tsaruwa. Shi ya sa wandon makarantar da aka ɗinka maka a aji ɗaya ya zama ɗangalalle kafin ka kai aji uku.

Magini ba ya tada gida da yashi kaɗai. Yana neman bulo, siminti, rodi da ruwa, in ɗaya ya yi ƙaranci gini ya tsage. Jiki ma haka yake neman kayan aiki iri-iri. Akwai masu ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, shinkafa, acca, doya, dankali, rogo da mai. Akwai masu gina jiki, wato masu furotin: wake, gyaɗa, waken suya, gurjiya, ƙwai, kifi, nama, nono da fara. Akwai kuma masu kare jiki, waɗanda ke ɗauke da bitamin da ma'adinai: ganyaye irin su zogale, rama, alayyahu, kuka da yakuwa, da 'ya'yan itace irin su gwanda, mangwaro, goba da lemo.

A gidajenmu da yawa rukuni na farko ne ya cika kwano. Koko da safe, shinkafa da mai da yaji da rana, tuwo da dare da 'yar miya. Ciki ya cika, amma jiki bai samu duk abin da yake nema ba. Masana suna kiran wannan ɓoyayyar yunwa, domin mai ita ba ya jin cikinsa na ƙugi, sai dai ya ga ƙarfinsa da karatunsa suna ja da baya.

Darasi daga wani jirgin ruwa

Kafin a san kalmar bitamin, akwai wata cuta da ake kira sikabi wadda ta riƙa hallaka matuƙan jiragen ruwan Turai. Bayan watanni a teku suna cin busasshen biskit da nama mai gishiri, sai dasashinsu ya kumbura yana zubar da jini, haƙora su yi girgiɗi, tsofaffin raunuka su sake buɗewa. A shekarar 1747, wani likitan sojan ruwan Birtaniya mai suna James Lind ya yi gwaji a cikin jirgin da ake kira Salisbury. Ya ɗauki marasa lafiya 12, ya raba su biyu-biyu, ya ba kowane rukuni magani daban. Wasu ruwan khal, wasu ruwan teku, mutum biyu kuma lemon zaƙi biyu da lemon tsami ɗaya kowace rana. Cikin kwana shida ɗaya daga cikin masu shan lemon ya warware har ya koma bakin aiki, ɗayan ma ya samu sauƙi sosai.

Sai dai ba a wajabta ba matuƙan rundunar ruwan lemon tsami ba sai a 1795, shekara 48 bayan gwajin. A tsakanin nan mutane sun ci gaba da mutuwa da cutar da maganinta ke jibge a kasuwa. Yau mun san bitamin C ne ke cikin lemon. Abin lura shi ne sanin abin da ya kamata a ci ba ya amfanar kowa sai an yi aiki da shi. Mu ma muna da irin wannan lemon a bayan gida da bakin kasuwa, muna wuce shi kullum.

Jini: inda matsalar ta fi tsanani

Binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna fama da ƙarancin jini. Wato fiye da rabi. 'Yan matan babbar sakandare suna cikin wannan lissafi.

Ga yadda abin yake. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari da ake kira himogulobin, shi ne ke ɗauko iskar da muka shaƙa daga huhu ya rarraba wa sassan jiki. Ba a iya haɗa shi sai da sinadarin ƙarfe, wanda malamin kimiyya ke kira ayon. Kowace jar ƙwayar jini tana rayuwa kusan kwana 120 ne, don haka kullum jiki yana ƙera sababbi. In ƙarfen ya yi ƙaranci, iskar da ke isa ƙwaƙwalwa da tsoka ta ragu. Daga nan sai gajiya ba dalili, jiri in an miƙe, haki bayan 'yar tafiya, bugun zuciya, ciwon kai da rashin natsuwa a aji. Tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari. Wasu ma sukan kamu da kwaɗayin taunar ƙanƙara ko cin farar ƙasa.

'Yan mata sun fi shiga haɗari saboda jinin al'ada na kowane wata. Ma'aunin da masana a Amurka suka fitar ya nuna yarinya mai shekara 14 zuwa 18 tana buƙatar miligiram 15 na ƙarfe a rana, namiji sa'anta kuma 11. Amma a gidaje da yawa, wa ake fara tsame wa nama in an sauke tukunya?

Ƙarfen da ke cikin hanta, nama da kifi shi ne jiki ya fi saurin ɗauka. Na cikin wake, waken suya, gero, daddawa da ganyaye yana da ɗan wuyar shiga jini, amma akwai dabara. Bitamin C yana taimaka masa ya shiga, don haka a matsa lemon tsami a kan kwaɗon zogale, a yanka ɗanyen tumatir a kan shinkafa da wake, ko a ci goba bayan abinci. Garin 'ya'yan kuka, wanda ake damawa a sha, shi ma yana da bitamin C mai yawa. Shayi kuwa akasin haka yake yi: akwai wani sinadari a ganyensa da ke riƙe ƙarfen ya hana shi shiga jini. Mai son shayi ya ba da tazarar kamar awa ɗaya tsakaninsa da abinci.

Sai a yi hattara da wasu maganganu da suka yaɗu. Ana cewa lemon malt da madarar gwangwani yana ƙara jini. Madara abinci ne mai kyau ga ƙashi, amma ƙarfen cikinta kaɗan ne ƙwarai, lemon malt kuma sukari ne ya fi yawa a cikinsa. Ana kuma cewa duk abin sha mai launin ja jini ne. Jan zoɓo launin furen ne kawai, shan sa ba ya maye gurbin wake, ganye ko hanta.

Ba abinci kaɗai ke jawo ƙarancin jini ba. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa ƙwayoyin jini, tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafa tana tsotsar sa, tsargiya da ake ɗauka wajen wanka a kududdufi tana zubar da shi ta fitsari. Saboda haka gidan sauro, takalmi da maganin tsutsa duk suna cikin kayan yaƙin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba 'yan mata da suka fara al'ada ƙwayar ƙarfe da folik asid sau ɗaya a mako a wuraren da matsalar ta yi yawa. Amma kada kowa ya sayo ya sha da ka. A je asibiti a auna jini tukuna, gwaji ne na 'yan mintoci. Masu cutar sikila musamman kada su sha ƙwayar ƙarfe sai likita ya ce, domin nasu ƙarancin jinin dalilinsa daban ne, kuma ƙarfen na iya taruwa ya yi musu illa.

Ido da wuya

Ka taɓa jin an ce wane yana dundumi? Da rana yana gani sarai, da magariba ta yi sai lalube. Ɗaya daga cikin manyan dalilansa shi ne ƙarancin bitamin A, wanda ido ke buƙata don gani cikin duhu, jiki kuma ke buƙata don yaƙar cututtuka. Ana samun sa a hanta, gwaiduwar ƙwai da man shanu. Jiki kuma yana iya haɗa shi da kansa daga kayan lambu masu launin ruwan goro ko kore shar: karas, kabewa, mangwaro, gwanda, jan dankalin Hausa, manja, zogale da alayyahu. Yana son maiƙo kafin ya shiga jiki, shi ya sa ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa da ake sa wa kwaɗo suke da amfani. Manjan da aka soya har ya washe ya rasa mafi yawan wannan sinadari. Ganyen da za a busar kuma a shanya shi a inuwa, rana tana cinye amfaninsa.

Tun 2002 Najeriya ta wajabta ƙara bitamin A a cikin fulawa, sukari da man girki da ake sarrafawa a masana'antu. In aka aike ka kanti, duba jikin kayan ko za ka ga tambarin ido mai harafin A. Wannan ita ce shaidar an ƙara.

Shi kuwa maƙoƙo, kumburin nan na gaban wuya, yawanci ƙarancin sinadarin aidin ne ke kawo shi. Illar da ba a gani ta fi wadda ake gani, domin rashin aidin yana dakushe ƙwaƙwalwa, musamman ta jariri tun yana ciki. Tun 1993 aka wajabta sa aidin a gishirin ci a Najeriya. Abin da ya rage gare mu shi ne mu sayi gishirin leda da aka rubuta yana da aidin, mu ajiye shi a rufe, nesa da rana da laima, domin aidin yana guduwa daga gishirin da aka bari a buɗe.

Karin kumallo da kuɗin tara

Mu yi lissafi. Ka ci tuwon dare ƙarfe takwas. Da safe ka makara, ka fita ba ka sa komai a baki ba, ba a fita tara ba sai wajen ƙarfe goma. Awa 14 ke nan ba abinci. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke amfani da shi in mutum yana zaune. Kuma sau da yawa a waɗannan awoyi na safe ne ake sa lissafi da kimiyya a jadawali.

Karin kumallo mai kyau ba sai mai tsada ba. Abin nema shi ne a haɗa hatsi da wani abu mai gina jiki. Iyayenmu sun daɗe da gano wannan ba tare da sun shiga ɗakin gwaji ba: koko da ƙosai, kunun gyaɗa, fura da nono, shinkafa da wake, ɗanwake, waina da miyar taushe, ɗumame da miyar kuka mai daddawa. Furotin ɗin hatsi yana da giɓi a wani ɓangare, na wake yana cike wannan giɓin, shi ma hatsi yana cike na wake. In suka haɗu a kwano ɗaya sai su ba da furotin mai inganci. Ga shi kuma babu ƙasar da ta kai Najeriya noman wake a duniya, Nijar ke bi mata.

Geron da wasu matasa ke yi wa kallon abincin ƙauye ya fi farar shinkafa ƙarfe nesa ba kusa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 sukutum don tunatar da duniya darajar gero da danginsa. A Nijar ma, a 2018, an fitar da wani irin gero mai suna Chakti wanda masu bincike suka inganta don ya ƙunshi ƙarfe fiye da na yau da kullum.

Sai kuɗin tara. Wannan ne wurin da kai ne mai yanke hukunci, ba Mama ba, ba Baba ba. Da kuɗi ɗaya za ka iya sayen alewa da lemon roba, ko ka sayi awara, gyaɗa, dafaffen ƙwai, alale, rake ko goba. Na farko zai ba ka ƙarfi na ɗan lokaci, kafin a tashi yunwa ta dawo. Na biyu zai riƙe ka har gida. In taliyar nan mai saurin dahuwa za ka ci wurin mai shayi, ka sani gari ne da mai da gishiri. A sa mata ƙwai, albasa, karas ko kabeji, a kuma rage garin ɗanɗanon da ke cikin ledar. A lura da tsabtar wurin saye, domin abinci mai kyau da ƙuda ya sauka a kai gudawa zai kawo, ita kuma ta kwashe abin da aka ci. A wanke hannu da sabulu, a wanke 'ya'yan itace.

Ranar jarrabawa kada ka gwada sabon abu, kada kuma ka cika ciki har ya yi nauyi. Ci abin da ka saba, ka sha ruwa. Lokacin azumi kuwa, sahur shi ne karin kumallonka: a nemi abin da ke daɗewa a ciki kamar wake, fura da nono ko tuwo, a sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da asuba.

Sukari da gishiri: bashin da ake biya daga baya

Hawan jini da ciwon sukari ana ɗaukar su cututtukan dattawa, amma ɗabi'un da ke share musu hanya tun ana sanye da kayan makaranta ake koyon su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a rana. Ga babban mutum wannan kusan giram 50 ne, wato kimanin ƙaramin cokali 12, kuma in an rage zuwa rabin haka ya fi. Da yawa daga cikin lemukan kwalba suna ɗauke da kusan giram 10 na sukari a kowane mililita 100. Ke nan gora ɗaya mai rabin lita ta cinye kason yini guda, ba a zo kan shayi, biskit da zoɓon da aka zabga wa sukari ba. Ba sai ka yarda da mu ba: juya gorar ka karanta abin da aka rubuta a jikinta. Saboda wannan damuwa ne Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai zaƙi a Najeriya.

Lemukan da ake cewa suna ƙara kuzari, waɗanda wasu ke sha don kwana karatu, sukari ne da sinadarin kafin, irin wanda ke cikin goro da kofi. Suna hana barci, suna sa bugun zuciya, washegari kuma a shiga ɗakin jarrabawa da kai mai nauyi. Ƙwaƙwalwa tana adana abin da aka karanta ne lokacin barci, kuma matashi yana buƙatar awa 8 zuwa 10.

Gishiri kuma kada ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, har da wanda ke ɓoye a dunƙulen ɗanɗano, burodi, yaji da kayan leda. Masu taya Mama girki su gwada rage dunƙule ɗaya, su ƙara daddawa, albasa, tafarnuwa da citta. Kanwa ma a rage, domin tana lalata wasu bitamin. Jiƙa wake tun da dare yana sa ya dahu da wuri ba sai an zuba ta da yawa ba.

Hukumar ta kuma ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, kamar cikin tafin hannu biyar. Ba sai tuffa da inabin kanti ba. Magarya, kanya, ɗinya, goruba, aduwa, kankana da gurji duk suna cikin lissafi, kowanne a lokacinsa, sa'ad da ya fi araha.

Ƙiba da rama ta hanyar ƙwaya

Akwai maganar da ake yi a ɗakunan kwana da ya kamata a fito da ita fili. Wasu 'yan mata suna shan ƙwayoyin ƙiba don a ce sun cika. Daga cikin waɗanda ake sha akwai dezametason, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa don wasu cututtuka na musamman. Abin da yake kawowa kumburi ne da tara ruwa da kitse a fuska da ciki. In aka daɗe ana sha yana raunana garkuwar jiki, yana tada sukari da hawan jini, yana cinye ƙashi. Wadda ta riga ta daɗe tana sha kada ta daina rana ɗaya, hakan ma haɗari ne. Ta je asibiti a rage mata sannu a hankali.

A ɗaya gefen akwai masu horar da kansu da yunwa don su rame, ko masu sayen shayin rage tumbi da suka gani a waya. Jikin da ke tsakiyar gini ba a yanke masa kayan aiki. In kana ganin nauyinka ya yi yawa, rage lemon kwalba da soye-soye, ka motsa jiki. An shawarci masu shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, kuma ƙwallo, keke, langa, igiya da tafiya makaranta a ƙasa duk suna ciki. In kuma ka lura abokinka yana ɓoye abinci, yana ƙin ci ko yana ramewa da sauri, kada ka yi masa dariya. Sanar da babba.

In babu hali fa?

Wani zai ce duk wannan magana ce ta masu shi, mu da abin da aka samu shi ake ci. Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada, kuma akwai gidajen da ko sau biyu ba a ɗora tukunya. Wannan ba laifin ɗalibi ba ne, ba kuma abin kunya ba ne. In yunwa na hana ka karatu, gaya wa malamin ajinku ko malamin ba da shawara. Wanda Allah ya hore wa kuma ya tuna da na kusa da shi a benci.

Duk da haka, yawancin gyaran da muka ambata ba ƙarin kuɗi yake nema ba. Matsar da shayi daga lokacin abinci kyauta ne. Rufe gishiri kyauta ne. Sauya alewa da gyaɗa kuɗi ɗaya ne. Zogale yana kamawa daga reshe, yana jure fari, kuma ana iya shuka alayyahu ko rama a tsohon buhu a shayar da shi da ruwan wanke hatsi. Ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu a zuba a miya suna ba da furotin da sinadarin ƙarfafa ƙashi a farashi mai sauƙi. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna dai a zubar, komai arahar su, domin suna iya ɗauke da gubar da ke lalata hanta.

'Yan makarantar kwana, mun san halin gabza da miyar da ake hango ƙasan kwano ta cikinta. In za a haɗa muku kayan komawa, ku roƙi a rage biskit da lemon gari, a sa ƙuli-ƙuli, gyaɗa, garin kuka, busasshen zogale, dabino da yajin daddawa. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli ya fi garin kwaki da sukari kaɗai. Kada ku guje wa ranar wake a ɗakin cin abinci, wataƙila ita ce rana mafi amfani a jadawalin mako. Ƙungiyar manoma matasa ta makaranta kuma za ta iya neman fili a bayan ɗakin girki ta yi lambu.

Wa za ka saurara?

Waya cike take da masu ba da shawarar abinci. Wannan ya ce ganye kaza na warkar da cuta arba'in, wancan ya ce a daina cin abu kaza kwata-kwata. Ka yi wa kowace shawara tambaya uku. Mai maganar ya karanci fannin? Yana sayar da abin da yake yabo? Ya yi alkawarin sakamako cikin kwana uku? In yana sayarwa kuma yana alkawarin abin mamaki, riƙe kuɗinka. Shawarar kirki tana wurin ma'aikatan lafiya a asibitin unguwa, jami'an abinci mai gina jiki a manyan asibitoci, da malaman kimiyyar halittu da na tattalin gida a makarantarku. Duk abin leda ko kwalba kuma a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa.

Ga aikin gida na wannan mako, ba wanda zai ba ka maki sai kai. Ware shafi ɗaya a bayan littafinka, ka rubuta duk abin da ka ci da wanda ka sha na kwana bakwai, ba ƙari ba ragi. Ranar ƙarshe ka zauna ka ƙirga: kwana nawa ka fita ba ka karya ba? Kwana nawa ka ci wake, gyaɗa, ƙwai, kifi ko nono? Kwana nawa ganye ko ɗan itace ya shiga bakinka? Gora nawa ta lemo ka sha? Daga nan zaɓi abu ɗaya tak da za ka gyara a mako mai zuwa, ka nuna wa Mama shafin ku yi shawara tare. In kuma kina yawan jin jiri, ko kin taɓa faɗuwa a filin taro, kada ki jira ƙarshen makon. Ki nemi a raka ki asibiti a auna jininki.